Duba-gari a bakin Thames da Cuyahoga

Uwargida ta riga ni tafiya da wata guda, domin 'yarmu da ke aure a Landan ta sauka, an samu namiji, ga shi ba ta da mai tsaya mata a jego. Ni sai ƙarshen Oktoba takarduna suka kammala. Bizar Ingila ta ci fiye da fam ɗari, ta Amurka dala 185, tikiti kuwa yara ne suka haɗa suka saya, Allah Ya yi musu albarka. Shirin shi ne in yi mako uku a Landan, in wuce Pittsburgh wurin ɗan ƙanwata da ke karatu a can, sannan in juyo gida.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina aikin duba-gari a Kano kafin in ajiye. Wanda ya yi wannan aiki, duk garin da ya shiga idonsa na kan kwata da rijiya da masai. Tun muna makarantar koyon aikin tsafta ake ba mu labarin wani likita da ya sa aka cire mariƙin famfo a Landan, don haka na ƙudurta a raina sai na ga famfon nan da idona.

Na bar gida bayan asuba ranar Talata. Daga Kwanar Dangora zuwa Tashar Yari, zuwa Zariya, zuwa Jaji, shinge bayan shinge ne, 'yan sanda nan, sojoji can, kwastan a gaba. A Rigasa na hau jirgin ƙasa, na kwana a Kubwa gidan wani tsohon abokin aiki, washegari jirgi ya ɗaga da mu daga Abuja. Awa shida da 'yan kai muka yi a sama.

A Heathrow layi ya fi awa guda. Jami'in da na tarar tambaya uku ya yi mini: wurin wa na zo, kwana nawa zan yi, ina tikitin komawa. Na amsa, ya buga hatimi. A jakata akwai kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji. Kilishin da na yi niyyar riƙowa a gida na bar shi, don 'yata ta ja mini kunne tun a waya cewa ba a shiga da nama. Surukina na jira a waje da rigar sanyi a hannunsa. "Baba, sannu da hanya, ku fara sa wannan kafin mu fita," in ji shi. Muka hau jirgin ƙasa na layin Elizabeth, fam goma sha wani abu kowanne, ya ratsa da mu ƙarƙashin birnin har Abbey Wood, unguwar da 'yan Najeriya suke da yawa.

Gidansu ɗaki biyu ne da falo a hawa na uku, hayarsa kuma tana cinye fiye da sulusin abin da suke samu su biyun. A falo na yi ta kwana. Ina zama 'yata ta ɗauki kofi, ta tara a famfon kicin, ta durƙusa ta miƙo mini. Na ɗaga shi sama ina dubawa a hasken fitila, yadda na saba. Ta ce, "Abba, sha kawai, shi muke sha, har madarar jariri da shi ake haɗawa in an tafasa." A layinmu a Kano famfo ya yi shekaru bai zubo ba. 'Yan ga-ruwa muke jira, na sha kuwa sai ruwan leda.

Kwana uku na yi ina hutawa da ɗaukar jika, a na huɗu na ce wa surukina ya kai ni Soho. Titin da famfon yake yanzu sunansa Broadwick, a da Broad. Famfon da ke tsaye a wurin kwaikwayon na asali ne, baƙin ƙarfe, kamar tuƙa-tuƙanmu amma ba shi da mariƙi. Mutane na ta wucewa da kofin shayi a hannu, babu mai ko kallonsa. Ni na daɗe a tsaye.

A ƙarshen Agustan 1854 amai da gudawa ya ɓarke a wannan 'yar unguwa, ya kashe mutum 616. A lokacin likitoci da mahukunta sun yi imani cewa wari ne ke kawo cutar. Dokta John Snow bai yarda ba. Ya bi gida-gida yana tambaya wa ya mutu, ina suke ɗebo ruwa, ya zana taswira yana sa alama a ƙofar kowane mamaci, sai ga alamomin sun yi cincirindo a kewayen famfo guda. Ma'aikatan wani kamfanin giya da ke kan titin ba su kamu ba, don ba ruwan famfon suke sha ba. Wata gwauruwa kuwa da ke zaune can Hampstead, nesa da unguwar, ta mutu, ashe kullum ake kai mata ruwan famfon saboda tana son ɗanɗanonsa. Ranar 8 ga Satumba aka cire mariƙin. Daga baya wani limamin coci, Henry Whitehead, ya gano tushen abin: ruwan wankin tsumman wata jaririya mai gudawa aka zuba a shadda, shaddar kuwa taku kaɗan ne tsakaninta da rijiyar, ginin ya tsage, tana yoyo a ciki.

Na ce wa surukina, wannan rijiyar na san ta. Na gan ta a Fagge, na gan ta a Kurna, na gan ta a Ƙofar Mata. Ka shiga gida ka tarar da rijiya da masai bango ɗaya ya raba su, ka yi magana, mai gida ya ce maka tun kakansa ake sha ba abin da ya samu kowa. Damina ta zo, yara biyu su tafi a mako guda, a ce kwana ne ya ƙare.

Su ma can ba su saurari Snow ba. Annoba na lafawa aka mayar da mariƙi. Cutar ta riga ta kashe fiye da mutum dubu goma sha huɗu a Landan a 1848 zuwa 1849, ta ƙara fiye da dubu goma a 1853 zuwa 1854, amma shirin gina magudanan ƙazanta yana nan a takarda ana ja-in-ja kan wa zai biya. Abin da ya karya wannan gardama sai da muka taka zuwa Westminster na gane shi sosai. Ginin majalisar dokoki a kan gaɓar kogin Thames yake, tagoginsa na kallon ruwa. A bazarar 1858 aka yi zafi mai tsanani, kogin ya ja baya, kashin mutum miliyan biyu da ɗoriya da ake zubawa a ciki ya kwanta a gaɓa yana dahuwa a rana. Aka jiƙa labulayen majalisa da sinadarin kashe wari, bai yi ba. 'Yan majalisa suka riƙa ficewa daga ɗakunan zama da hankici a hanci. Benjamin Disraeli, ministan kuɗi na lokacin, ya kawo ƙudurin doka, cikin kwana 18 aka gama da shi, aka ba da izinin ciyo bashin aikin. Gawar talaka dubu ashirin da wani abu ba ta motsa su ba, warin da ya shigar musu ofis ya motsa su. Snow kuwa a watan Yunin shekarar ya rasu, bai ga ko tubali ɗaya ba.

Injiniyan da aka damƙa wa aikin, Joseph Bazalgette, ya gina manyan magudanai mil 82 a ƙarƙashin ƙasa, da ƙanana kimanin mil 1,100, da jan bulo miliyan 318. Faffaɗan titin da muke takawa a bakin kogi, wanda masu yawon buɗe ido ke ɗaukar hoto a kai, ashe murfin babbar kwata ne. Annobar ƙarshe ta zo a 1866, ta kuma fi yin ɓarna a gabashin birni inda ba a gama haɗa magudanan ba.

Da na ji cewa ƙarshen magudanar kudu yana Crossness, kusa da gidan 'yata, sai na matsa aka duba ranar da suke buɗewa. Tun daga nesa hancina ya gaya mini mun iso, domin har yau a gefen ake tace ƙazantar wani babban ɓangare na kudancin birnin. Amma ciki! Ƙarfe ne aka yi wa ado da furanni da ganyaye, an shafe shi da ja da kore da ruwan zinare, sai ka ce fadar sarki. Injuna huɗu ne masu aiki da tururi, kowanne da sunan wani daga gidan sarauta, yarima mai jiran gado ne ma ya buɗe wurin a 1865. Tsofaffin da ke kula da shi aikin sa-kai suke yi. Da na gaya wa ɗaya daga cikinsu sana'ata, ya riƙe hannuna ya zagaya da ni har ƙasa. Abin ya taɓa zuciyata. A wurinmu mai kwasar masai da dare yake fitowa don kada a gan shi, ba a ma son a ba shi aure.

Labarin hazon hayaƙin da ya taɓa rufe Landan kuwa a bakin wata tsohuwa na ji shi, maƙwabciyarsu ta hawa na ƙasa, wadda ta kawo wa jariri hular ulu da ta saƙa da hannunta. Tana da shekara takwas a Disambar 1952. Ta ce ranar da abin ya sauka da bango ta riƙa lalube har ta kai gida daga makaranta, ba ta ganin takalminta, kwandastan bas yana tafe a ƙasa da fitila yana nuna wa direba hanya. Hazon ba fari ba ne irin namu na hunturu, rawaya ne mai duhu, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, yana shiga har ɗaki. Kakarta a makon ta rasu.

Daga 5 zuwa 9 ga watan aka yi shi. Sanyi ya sa kowane gida ya hura kwal, kwal ɗin kuma marar kyau ne, domin bayan yaƙi mai kyan waje ake sayar da shi a biya bashi. Ga tashoshin lantarki irin Battersea a tsakiyar gari suna ta tuttula nasu. Iska ta tsaya cik. An fara cewa mutum 4,000 ne suka mutu, binciken baya ya kai adadin wajen 12,000. Gwamnati ta so ta ɗora wa mura, ta ce dokokin da ake da su sun isa. Sai da aka kafa kwamiti ƙarƙashin Hugh Beaver, wani ɗan majalisa mai suna Gerald Nabarro kuma ya kawo nasa ƙudurin ya tsaya kai da fata, sannan aka yi dokar tsabtace iska ta 1956. Abin da ya burge ni a dokar, ba hani kawai ta yi ba. Ta ware unguwannin da ba a yarda a ga hayaƙi ba, ta kuma ba magidanta tallafin kuɗi su canza murhu. Mun sha hana mata girki da roba da leda a unguwanni, ba mu taɓa ba su abin da za su hura a madadinsa ba.

Na yi Juma'a biyu a babban masallacin Regent's Park, na ci tuwon shinkafa da miyar kukar da na kawo har ta ƙare, na yi sallama da jika.

Awa takwas jirgi ya yi kafin Amurka. Nan tambayoyin sun fi yawa, har jakata aka buɗe, aka shinshina ƙullin yaji aka mayar. Ɗan ƙanwata ya rungume ni yana cewa, "Kawu, ashe rai kan ga rai!" Ɗaki ɗaya gare shi, ya bar mini gado ya koma kujera. Pittsburgh gari ne na tuddai da gadoji, inda kogin Allegheny da Monongahela suka haɗu suka zama kogin Ohio. A zamanin da yake cibiyar narka ƙarfe, da tsakar rana ake kunna fitilun titi saboda duhun hayaƙi. Yanzu jami'o'i da asibitoci ne suka riƙe garin.

Ranar Asabar ya ari motar abokinsa muka bi kogin Monongahela kudu, tafiyar ƙasa da awa guda, zuwa Donora. Garin a lanƙwasar kogi yake, tuddai sun kewaye shi kamar ƙwarya. Shaguna da yawa a rufe suke, titi shiru. A 1948 mutum kusan 14,000 ne a nan, yau ba su kai 5,000 ba. Gidan tarihinsu wani tsohon kanti ne, a jikinsa an rubuta cewa daga nan iska mai tsabta ta faro.

A makon ƙarshe na Oktoban 1948 iska mai ɗumi ta zo ta kife a kan mai sanyi da ke cikin kwarin, kamar an rufe ƙwarya da faifai. Masana'antar ƙarfe da ta narka tutiya, wadda ake shafa wa kwanon rufi, suka ci gaba da aiki dare da rana, hayaƙin ya rasa hanyar fita. 'Yan kwana-kwana suka riƙa bi gida-gida da tukunyar iskar shaƙa a kafaɗa, suna ba kowa kaɗan su wuce gaba. Mutum 20 suka mutu, kusan 6,000 suka kwanta. Ba a kashe wutar masana'antar ba sai safiyar Lahadi 31 ga wata, ranar kuma ruwan sama ya sauko ya wanke sararin.

Dattijon da ya zagaya da mu mahaifinsa a masana'antar ya yi aiki. Ya ce shekaru da yawa mutanen garin ba sa son a ta da maganar, domin hayaƙin nan shi ne tuwonsu, in bututu ya daina hayaƙi to tukunya ma ta daina. Kamfanin kuwa ya biya wasu 'yan kuɗi ba tare da ya amsa laifi ba, ya ce abin daga Allah ne. Da ɗan ƙanwata ya maimaita mini wannan kalma sai na nemi kujera na zauna. Ban taɓa zaton zan tsallaka teku in tarar da ita a nan ba. Na yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi, a kanta zan mutu. Amma an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Allah ne Ya tsayar da iska, mutum ne ya ƙi kashe wuta kwana huɗu yana ganin maƙwabtansa na faɗuwa. Na tuna masu rini da majema da na sha zama da su, na tuna baƙin ruwan da ke fita daga Sharaɗa da Challawa da Bompai, da ma'aikatan da kan roƙe ni in rufa asiri kada a rufe musu wurin neman abinci. Ban taɓa ganin laifinsu ba. Wanda ke da iyali goma ba shi za a bar wa zaɓi tsakanin huhunsa da cikin 'ya'yansa ba, aikin hukuma ne.

Cleveland tafiyar awa biyu da 'yan mintuna ce, kan babbar hanya mai kuɗin fito. Muka kama ɗakin otal mai gado biyu a bayan gari, dala ɗari da kaɗan, muka ci shinkafa da naman rago a shagon wasu Larabawa. Da safe muka gangara bakin Cuyahoga, kogin da ya ratsa garin. Sanyi na ratsa ƙashi, amma ga matasa a dogayen kwale-kwale suna tuƙi, ga wani da ƙugiya yana kamun kifi.

Kogin nan ya ci wuta aƙalla sau goma sha uku tun daga 1868, saboda mai da dattin masana'antu da ke yawo a kansa. Gobarar 22 ga Yunin 1969 ƙarama ce, ba ta kai rabin awa ba, ba a ma samu hotonta ba. Hoton da mujallar Time ta buga na gobarar 1952 ne, wadda ta fi ta ɓarna nesa ba kusa ba. Na tambayi ɗan ƙanwata, to me ya sa ƙaramar ta yi tasiri, babbar ba ta yi ba? Ya ce, "Kawu, mutanen ne suka canza." A 1967 garin ya zaɓi Carl Stokes, baƙar fata na farko da aka zaɓa magajin gari a wani babban birnin Amurka, shekara biyu bayan dokar 1965 da ta kare 'yancin ƙuri'ar baƙaƙe. A 1968 masu zaɓe suka amince a ciyo bashin dala miliyan 100 don gyaran ruwa. Washegarin gobarar Stokes ya kwashi 'yan jarida ya kai su bakin kogi, ya nuna musu bututun da ke zubo ƙazanta, ya ce birni shi kaɗai ba zai iya ba, tunda dattin daga wajen iyakarsa ma yake gangarowa. Ranar 22 ga Afrilun 1970 mutum kusan miliyan 20 suka fito a faɗin ƙasar saboda muhalli. Kafin shekarar ta ƙare Shugaba Nixon ya kafa hukumar kare muhalli, ya sa hannu a dokar iska. Dokar ruwa ta 1972 kuwa ya ƙi sa mata hannu saboda tsadarta, majalisun biyu suka haɗa kashi biyu cikin uku suka tsallake shi. A 2019 hukumomin jihar Ohio suka sassauta gargaɗin cin kifin kogin.

A hanyar komawa ina ta yabo, sai yaron ya rage sautin rediyo ya ce kada in tafi da rabin labari. Ya ba ni labarin Flint a jihar Michigan, garin talakawa, akasarinsu baƙaƙe, inda a 2014 aka canza musu ruwan sha don a rage kashe kuɗi, ruwan ya ci tsofaffin bututu, dalma ta shiga jinin yara. Iyaye sun fi shekara suna ɗaga kwalaben jan ruwa a gaban jami'ai ana ce musu lafiyarsa ƙalau. Ban ce komai ba har muka shiga Pittsburgh. Zamfara nake tunawa, 2010, Bagega da Dareta da 'Yargalma, yara fiye da 400 da gubar dalma ta kashe a cikin gidajen iyayensu, inda ake daka dutsen zinare a turmin da ake daka hatsi.

Na dawo ta Landan da Abuja, na sauka filin jirgin Malam Aminu Kano ana kiran la'asar, hazo ya fara sauka. Da muka zo gadar Jakara na ce wa ɗana ya tsaya. Ruwan baƙi ƙirin, leda ta toshe rabinsa, can gaba wani bawan Allah ya kafa injin ban-ruwa yana shayar da latas da alayyafo, yara uku na wasa a gaɓa ba takalmi. Ɗana ya ce, "Abba, mu tafi, 'yan taryarka na jira a gida."

Kwana biyu ina karɓar masu sannu da zuwa. A na uku na shiga gidan maƙwabcina, wanda muka yi shekara ashirin muna sallah sahu ɗaya, na roƙe shi ya bar ni in auna tsakanin rijiyarsa da sabon masan da ya haƙa ina can. Taku shida na samu. A littafinmu na aiki mita talatin ake so. Gida bakwai ne ke ɗiba a rijiyar, har da nawa in 'yan ga-ruwa ba su zo ba. Ya yi shiru yana kallon ƙasa, can ya ce, "To Alhaji, filin ke nan, ina zan kai shi?" Ba ni da amsa a take. Muka rufe bakin rijiyar da kwano muka ɗora dutse, muka tafi tare wurin mai unguwa. Ya ce a sanar da magidantan layin duka, a haɗu a ƙofar gidansa ranar Asabar bayan la'asar.